Kusurwa ta huɗu ta ƙi haɗuwa, ga shi walima saura kwana 12

Mai Firam, Kano:

Assalamu alaikum manya. Ina da ɗan shagon firam a nan Kano, shekarata 6 ke nan a ciki. Aikin dai wanda kuka sani ne: hoton aure, satifiket ɗin 'yan bautar ƙasa, hoton gwamna da na shugaban ƙasa da ofisoshi ke ruguguwar saye idan an canza gwamnati. Mafi girman abin da na taɓa haɗawa bai wuce ƙafa 3 da ƙafa 2 ba, kuma ba yabon kai ba, kusurwata ko reza ba ta shiga.

Shekaranjiya wata Islamiyya ta unguwarmu ta kawo min aiki. Wani malaminsu ne ya rubuta Ayatul Kursiyyu da hannu a kan farin yadi mai kauri, da tawada da alƙalamin kara, ya zagaye ta da zayyana ja da kore. Sun ce wata uku ya yi yana fama. Tsawonsa santimita 240, faɗinsa 150. Suna so a sa masa firam da gilashi a rataye a babban ɗakinsu na sama kafin walimar saukar karatu, saura kwana 12.

Ni kuwa da zuciyar nan tawa na ce an gama. Na sayo sandar firam ta roba, irin wadda ake shigowa da ita daga Caina, mai ruwan zinare, faɗinta santimita 7. Kowace sanda mita 2.9 take zuwa, to dogayen ɓangarorin kowanne ya cinye sanda guda, gajerun biyu ma ba su fita a sanda ɗaya ba, sai da na sayi huɗu. Na yanka da zarton lantarkina a digiri 45 kamar kullum, na harba ƙusar V, wato ɗan ƙarfen da ke haɗe bakunan kusurwa, ta ƙasa. Kusurwa ta farko lafiya, ta biyu lafiya, ta uku ma haka. Da na zo ta huɗu sai na ga bakunan biyu sun saɓa wa juna da kusan yatsa uku. Na ce wa yarona ya danno daga can ni in jawo daga nan. Ta huɗun na haɗuwa ta biyun ta yi ƙas, ta dare har roba ta ɓalle. Na sake datse bakin, yanzu ɗaya ya fi ɗan'uwansa gajarta. Sanda huɗu sun tashi a banza, ribar aikin ta kusa tafiya tun ban fara ba.

Zarton nan shi na yanka firam ya fi dubu da shi, me ya same shi yau? Kuma wane kaurin gilashi zan sa? Don Allah wanda ya taɓa irin wannan ya agaza, ba na so in ji kunyar malaman nan.

Tsohon Kafinta, Na'ibawa:

Wa alaikumus salam. Ɗana, ba abin da ya sami zartonka yau. Tun ranar da ka saye shi a haka yake, ƙananan hotuna ne suke rufa masa asiri.

Bari in yi maka lissafi. A ce zarton ya kauce wa 45 da rubu'in digiri kacal, abin da ido ba ya gani a jikin ma'aunin nan da aka zana masa. Kowace kusurwa yanka biyu ce, ka ga ta karkace da rabin digiri ke nan. A firam ɗin satifiket mai santimita 30, ƙarshen sandar zai gusa da abin da bai kai milimita 3 ba, ka ɗan danna da babban yatsa ya koma, ba ka ma san ka yi ba. A sanda mai santimita 250 kuwa, wannan rabin digirin ya zama fiye da santimita 2. Kusurwa uku kowacce ta tara nata ta miƙa wa ta gaba, ta huɗu ce ta biya bashin duka. Wannan ne yatsu ukun da ka gani.

Abu na biyu, wa ya riƙe maka jelar sandar lokacin da kake yanka? In yaronka ne da hannu, to ga rabin matsalar nan. Sanda mai tsawon nan in ta leƙo daga kan teburin zarto sai jelarta ta sunkuya, bakin da ke wajen ruwan zarto ya ɗaga, yankan ya fito a jirkice daga sama zuwa ƙasa. In ka haɗa, fuska ta rufe baya ya buɗe, ko baya ya rufe fuska ta buɗe. Ka jera benci ko tebur hagu da dama, tsayinsu ɗaya da gadon zarton, ko da kwali za ka cike ƙasansu. Sandar ta kwanta gaba ɗayanta kafin ka kunna wuta.

Kafin ka taɓa sabon kaya, ɗauki guntayen robar da ka ɓata, yanko huɗu masu tsawo ɗaya, ka jera su a kan gilashi ba gam ba ƙusa. Duk inda haske ya ɓullo, zarton ne ke gaya maka gaskiyarsa. Ka gyara, ka sake, har hasken ya ɗauke. Mu lokacin da muka koya ba mu da zarton lantarki. Maigidana, Allah ya ji ƙansa, katako yake kafa wa sukwaya sahihiya a kan allo, ya yanka baki ɗaya a hagunta ɗaya a damanta. Ko da wannan ya zama 44 wancan zai zama 46, in sun haɗu 90 ne cif. Har gobe dabarar nan ta fi lambar da ke jikin inji aminci.

Dogayen biyu kuma ka haɗa bayansu ka ɗaure da tef, ka tabbata bakinsu ɗaya, haka gajerun. Milimita biyu in ta shiga tsakaninsu, ko zartonka daga Makka aka kawo shi firam ba zai miƙe ba.

Amma babbar maganata ba wannan ba ce. Ka rabu da robar nan. Cikinta kumfa ce, ƙusa ba ta da naman da za ta kama, farin gam na katako ba ya cin ta, in kuma ka shafa mata sholisho narkewa za ta yi. Ta dace da hoton amarya, ba ta dace da abin da ya kai faɗin ƙofar gareji ba. Ka zo 'yan katako a fitar maka da sanda ta katako a injin ado, maɗaci in aljihu zai ɗauka, in ba haka ba afara. Sai dai ka kula da wanda za su ba ka. Katakon da aka sauke daga kudu makon jiya ɗanye ne, mu kuma ga mu cikin hunturu, iska ta bushe ƙayau. Katako ba ya raguwa ta tsawo, ta faɗi yake tsukewa, shi ya sa za ka haɗa kusurwa lafiya lau, bayan sati uku ka ga ta buɗe baki ta ciki kamar ɗan tsuntsu. Ba ka da kwanakin shanya. Ka nemi wanda ya kwana biyu a rumfa ya sha ƙura, ko tsohon katakon da aka ciro daga rufin gida. Ka ɗaga shi ka ji nauyinsa, ka ƙwanƙwasa, busasshe ƙararsa daban ce.

Sannan ka gina masa ƙashi a baya. Wato wani firam na biyu na katako zalla, marar ado, mai kauri, da sanda biyu a tsaye a tsakiyarsa, kusurwoyinsa a sassaƙe rabi da rabi a haɗe da gam da sukuru. A kansa za ka ja yadin malam. Shi zai shiga cikin firam ɗin ado ta baya, ka ɗaure su da sukuru duk bayan taƙi ɗaya. Shi ne zai ɗauki nauyi, shi za a rataye. Na waje riga ce kawai. Kuskuren da matasa kuke yi shi ne ku ɗora wa kusurwar 45 kaya, alhali ita ce haɗi mafi rauni a duk aikin kafinta.

Ɗan Panteka, Kaduna:

Baba ya gama magana, Allah ya ƙara girma. Ni dai zan ɗan saɓa masa a wuri ɗaya, da neman afuwa. Robar ba duka ce ta banza ba. Akwai mai nauyi wadda in ka yi mata ƙashin nan da ya faɗa za ta zauna, na yi wa wani otal madubi mai mita biyu da ita, shekara uku ke nan yana nan. Amma mai santimita 7 da ka kwatanta, a'a, bi maganar Baba.

Ina da injin yanka na ƙafa, Morsø, na ƙasar Denmak, wanda wuƙaƙe biyu ke saukowa su datse hagu da dama lokaci guda. Na saye shi na hannu, ya girme ni ma ina jin. Yana yanka kamar an goge da man shanu, amma shi ma in ban tallafi jelar sanda ba haka zai ba ni kunya. Kuma kar ka ce za ka kai sanda mai mita biyu da rabi kan injin harba ƙusar V ka juya ta a iska. Kana harba kusurwa ta biyu nauyin sandar yana murɗe ta farko. Babban firam a ƙasa ake haɗa shi, ko a kan filawud biyu da aka jera aka daidaita. Ka shafa wa bakunan gam tsarma-tsarma tukuna, don bakin katako shan gam yake kamar ƙasar rani, ka bari ya ɗan sha iska, sannan ka sa na sosai. Ka zagaye duka huɗun lokaci guda da bel ɗin nan na ɗaure kaya a mota mai abin ɗanawa, da ɗan kwali a kowace kusurwa kar ya ci katakon. Kana matsewa kana auna gicciye daga wannan kusurwa zuwa waccan. A naka girman, daga ciki, ya kamata ka ga wajen santimita 283 ta kowane ɓangare. In ɗaya ya fi ɗaya, ka tura dogon har su yi daidai, sannan ka tafi gida ka bar shi ya kwana. Ƙusa da ƙarfen L na baya sai gobe.

Yanzu gilashi, wanda shi ne ya sa na shigo. Kowace murabba'in mita ta gilashi, kowace milimita ta kauri kilo 2.5 ce. Naka murabba'in mita 3.6 ne. Mai milimita 3 zai yi kilo 27, kuma a wannan faɗin ba ya ma ɗaukuwa, lanƙwasa zai yi ya fashe a hannunku. Mai 5 kilo 45 ne, ka kusa buhun siminti ke nan, a rataye a saman kan yara 'yan Islamiyya. Ni ba zan yi ba ko nawa za a biya ni.

Ka sa Perspex, wato robar nan mai kama da gilashi. Nauyinsa bai kai rabin na gilashi ba, mai milimita 5 zai tsaya wajen kilo 21, kuma in ya faɗo ba ya tarwatsewa. Kar ka yarda da mai 3, ciki zai yi a tsakiya. Matsalarsa uku. Ta farko, wanda ya cika kasuwa ƙafa 4 da ƙafa 8 ne, wato 122 da 244, faɗinsa bai kai naka 150 ba. Akwai babban falle mai 205 da 305, wajen masu yin allon talla za ka tambaya, in babu a Kano a sa maka a mota daga Legas, yau za ka yi waya ba gobe ba. Ta biyu, yana miƙewa da zafi. Tsakanin sanyin asubar Janairu da zafin Afrilu, falle mai tsawon naka zai iya ƙaruwa da wajen milimita 5. In ka yanka shi cif da cif, bazara na zuwa zai kumbura ko ya ture kusurwar. Ka rage masa milimita 6, ka sa a zurfafa maka leɓen da zai zauna a ciki yadda gefensa ba zai leƙo ba. Ta uku, yana jan ƙura kamar mayen ƙarfe, kuma busasshen tsumma yana karce shi.

Malama Mai Allo:

Ni ba kafinta ba ce, koyarwa nake a Islamiyya, amma mahaifina marubuci ne, na tashi cikin tawada. Roƙona ɗaya, Malam. Tawadarmu ta gawayi da ƙaro ruwa ne ke wanke ta, shi ya sa ake wanke allo. Kar gam ya kusanci yadin nan, kar a yayyafa masa ruwa wai don ya miƙe, kar a ɗora masa dutsen guga mai tururi. Kuma kar rubutun ya manne da gilashin ko robar da za ku sa. Damina na zuwa raɓa za ta taru a ciki, wata rana a buɗe a ga ayar ta koma jikin gilashi. Haka ta faru da wata zayyana ta babanmu, har ya rasu yana jin ciwon abin. A bar ɗan fili tsakaninsu.

Sannan ayar Alƙur'ani ce. Na ji ana cewa a ƙasa za a haɗa, to katakon dai a ƙasa, rubutun a nema masa tebur, kuma yaran shago su yi alwala su wanke hannu kafin su taɓa.

Na Maraɗi:

Salamu alaikum. Duk kun yi maganar yanka da haɗi, ba wanda ya tambayi hanya. Ka tahi lekwal ɗin, wato makarantar, da mitarka ka auna matakalar benen kahin ka sa gam. Ƙofa ba ita ce matsala ba, in an kwantar da shi a gehensa zai wuce. Inda bene ke juyawa nan ne ake kuka. Mun taɓa haɗa ma wani Alhaji babban hoton Ka'aba, muka kai gidan, zauren nasa mai lanƙwasa ne, muka juya muka juya, ƙarshe ta kan katanga aka zura shi da igiya, maƙwabta na kallo. In bai wucewa, ka yanka a shago ka haɗa a can sama.

Kuma a tsaye ake ɗaukar shi, mutum biyu, kowa hannu ɗaya a ƙasa ɗaya a gehe. Kar wani ya kama sandar sama ya ɗaga. Wajen ratayewa ka manta da waya da ƙusa guda. Ka tsaga dogon katako biyu a jirkice, ɗaya a bango bakinsa na kallon sama, ɗaya a jikin ƙashin baya bakinsa na kallon ƙasa, su sarƙe. Nauyin ya bazu a tsawon bangon.

Mai Firam, Kano:

Allah ya saka wa kowa da alheri, wallahi kamar an sauke min dutse. Na yi gwajin guntaye huɗun da daren nan, Baba gaskiyarka, haske na fitowa ta wajen kowace kusurwa, siriri kamar gashi. Shekara 6 ina aiki da karkataccen zarto ban sani ba.

Malama, na ji, kuma na gode da tunatarwa. Baba, filin da ta ce a bari, da me zan yi shi? Kuma tunda Perspex mai 122 yana nan a kusa, ba zan iya haɗa biyu a tsakiya ba?

Tsohon Kafinta, Na'ibawa:

Kar ka haɗa. Layin zai ratsa tsakiyar aya, duk wanda ya ɗaga kai shi zai fara gani, kuma ta nan ƙura za ta shiga. Ka jira babban falle.

Filin kuwa abu ne mai sauƙi. A tsaga maka siraran katako masu kaurin santimita ɗaya, ka shafa musu baƙin fenti su bushe sarai, ka jera su a cikin leɓen bayan ka sa Perspex, sannan ƙashin da yadin yake kai ya zauna a kansu. Daga gaba ba a ganinsu. Wannan ya sa dole sandarka ta yi zurfi, ka lissafa kaurin Perspex da na siraran da na ƙashin ka gaya wa mai inji tun kafin ya fara. Yadin kuma ka fara kama shi daga tsakiyar kowane gefe kana tafiya zuwa kusurwa, ta baya, kana ja a hankali. Kar ka ja shi kamar fatar kalangu, layin rubutu zai karkace.

Ɗan Panteka ya ce robar tana da mai kyau. To, shekara uku ba shekaru ba ne a wajen firam, mu haɗu bayan goma.

Ɗan Panteka, Kaduna:

Na karɓa Baba, Allah ya kai mu.

Mai Firam, Kano:

Na dawo da labari. Jiya da la'asar muka rataye, walima gobe.

Maɗaci na samu, tsohon ƙyauren wani gida da aka rushe, mai katakon har yana mamakin abin da zan yi da shi. Da aka fere ya fito ja wur, ban ma sa ruwan zinaren ba, man goge katako kawai na shafa, malaman suka ce haka ya fi. Na Maraɗi, Allah ya biya ka: benen nasu yana da juyi biyu, da na haɗa a shago da sai dai ta taga, tagar kuma da ƙarfe. A saman muka haɗa, muka ture tabarmin yara, firam ya kwana cikin bel, maigadi na gadin sa kar wani ya taka. Gicciyen farko ya ba ni 282 da 284, na ɗan tura da gwiwa ya zauna.

Ban tsira gaba ɗaya ba. Perspex ya iso saura kwana 3, ni kuma don ɗoki na ɓare ledar jikinsa duka biyun tun ana share ɗakin. Muka rufe, muka ɗaure sukuru sama da 30, muka tayar da shi, sai ga ƙura da zaren tabarma sun manne ta ciki, daidai saitin kalmar farko. Haka muka kwance duka, na goge da laushin tsumma mai ɗan danshi da ɗigon sabulu, muka jira ya bushe, muka rufe tagogi muka mayar. Awa huɗu ta tafi a nan. Kusurwa ɗaya ta sama tana da ɗan tsagi da farce ba ya shiga, na cike da garin katakon da gam, ni kaɗai na san inda yake.

Malamin da ya rubuta ya zo ya tsaya ya daɗe bai ce komai ba, can ya tambaya ko za a iya buɗewa wata rana, wai akwai wasali ɗaya da bai gamsu da shi ba. Na ce masa sukuru ne, amma don Allah ba wannan makon ba.

Sandunan robar huɗu da na ɓata na yayyanka su, sun ba ni firam ɗin satifiket 7, makarantar ma ta saye su don masu sauka. Baba, in na shigo Na'ibawa ranar Asabar a wane layi zan same ka? Akwai goronka a wajena, kuma ina so ka nuna min allon sukwayar nan ido da ido.